Abin da Ya Sauke Ni Daga Kan Babur

Fezzan, Yerwa.
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kiyaye hanyar da za ka bi jibi, ya sauke ka Kano lafiya, ya haɗa ka da iyayen gida masu tsoron Allah. Amin.

Na san za ka yi mamaki. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, ga shi ina aiko maka da takarda kamar kana Makka. To, ka san sunan mahaifina gare ka, ba na iya zaunar da kai in zuba maka ido in yi doguwar magana. Sau uku na kira ka zaure cikin makon nan, sau uku na ƙare da tambayarka ko ka sayi akwati. Rubutuna kuma na yaƙi da jahilci ne, kai ɗan midil ne, in ka ga baƙi ya karkace ka miƙe shi da idonka, kada ka yi mini dariya.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Litinin ta makon jiya ina zaune a rumfata ta gyaran keke a bakin gadar Gwange, ina yi wa wani malami faci. Motoci sun tsaya cak, masu shiga gari da masu fita, saboda an kora garken shanu kan gada. Sai na ji kukan babur. Tun ban ɗaga kai ba na san mai wannan hannun ba shi da niyyar tsayawa. Na ɗaga kai, sai ga ka a kan babur ɗin abokinka da kake koyo da shi, ka kutsa tsakanin motar itace da motar buhuna. Wata Bashuwa mai tallan nono, da goyo a bayanta, ta fito ta gaban motar itacen za ta tsallaka. Abba, tsakaninka da ita bai kai taƙi ɗaya ba. Iskarka sai da ta ɗaga mata mayafi. Ka danna hon ka wuce, ko waiwaye ba ka yi ba. Ita kuwa ta durƙushe a ƙasa tana salati, nonon ya zube.

Ni kuwa na ajiye facin da ke hannuna. Wani tsohon direba da ya san ni tun da can ya leƙo rumfar yana dariya, ya ce mini, “Ai wancan ɗanka ne, wallahi ya gaje ka.” Da guduma ya ɗauka ya buga mini a ƙirji da ya fi mini sauƙi. Tun ranar abinci ba ya mini daɗi, innarka har ta fara jiƙa mini magani.

Aikin da ka samu a Kano na kai takardu a kan babur ne, motocin Kano kuwa sun ninka namu ban san sau nawa ba. Tsorona ɗaya ne, kuma ba zan yi masa kwana-kwana ba: in ka tafi da wannan hannun da na gani, ko dai ka kashe kanka ko ka kashe wani. Shi ya sa zan faɗa maka abin da na ɓoye maka shekara da shekaru. An ce maka ciwon baya ne ya sauke ni daga babur. Ƙarya ce. Ni na ƙirƙire ta, innarka ta taya ni riƙo.

Kana ɗan shekara biyar na samu babur. Masinja ne ni a wani kamfanin sayen gyaɗa da fata, da keke nake yawon kai takardu, har manaja ya ga keke ba ya isa, aka kawo babur aka koya mini. A lokacin baburan garin nan da yatsu za ka ƙidaya su, kuma yawanci Turawa ne a kai. In na biyo layinmu mata har leƙe suke ta saman zana. Kaina ya yi girma, girman da hula ba ta zama.

Da kakar gyaɗa ta zo sai motoci suka cika hanya. Gadar ƙarama ce, mota ɗaya take ɗauka, saboda haka kullum akwai layi, wannan gefe masu jiran hawa, wancan gefe waɗanda suka sauko suna tafiyar hawainiya saboda jakuna da raƙuma. Ranar farko na tsaya a bayan layi kamar kowa. Rana ta biyu na lura da wata 'yar hanya a tsakiya, tsakanin bodin wannan mota da bodin waccan, daidai faɗin kafaɗuna da ɗan ƙari. Na shiga a hankali, ƙafa tana jan ƙasa. Na fita lafiya. Manaja ya duba agogo ya yaba mini. Shi ke nan, na samu abin yi. Cikin wata guda na daina jan ƙafa, cikin wata biyu na daina rage wuta. Direbobi suka sa mini suna Afuno Allura, wato Bahaushen da ke ratsa ko'ina. In na taho sai su riƙa buga bodin mota suna kiran sunan, ni kuma in ƙara murɗa totur don in burge su.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Yabo na nema, ba sauri ba. Ka bincika zuciyarka, Abba. Ranar Litinin ɗin nan wane aike aka yi maka? Babu. 'Yan kallo ka yi wa. Masu yi maka tafi a bakin hanya zaman banza ne ya ishe su, suna neman abin kallo, kuma in ka faɗi ma abin kallo ne a wurinsu. Na ga haka da idona, su ɗin dai da suke buga mini bodi su suka zagaye ni suna kallo daga baya.

Kuskure na biyu, Allah ya aiko mini da gargaɗi ƙuru-ƙuru na ƙi karantawa. Ranar wata Juma'a na fito masallaci da sabuwar babbar riga, shuɗiya, mai aiki har ciki. Ban ko naɗe hannuwanta ba na hau, don ina son iska ta riƙa kaɗa ta mutane su gani. Na shiga tsakanin motoci yadda na saba. Ka san ƙugiyoyin nan na jikin bodi da ake ɗaure igiyar tamfol? Ɗaya ta kama hannun rigar. Ban san lokacin da na bar sirdi ba. Babur ya yi gaba shi kaɗai ya kwanta, ni kuma na rataye a jikin mota, wuyan riga ya shaƙe ni, ƙafafuna suna shafar tayar baya. A daidai lokacin layi ya motsa. Ina jin motar ta ja, ina ganin taya tana juyowa wajen ƙafata, ba ni da muryar da zan yi ihu. Wata mai tallan dafaffiyar gyaɗa ce ta kurma ihu ta jefi ƙofar direba da farantinta, sannan ya taka birki.

Direban wani dattijo ne Babarbare, Ba Bukar. Ya sauko ya zaro wuƙa ya yanke rigar, na faɗo ina tari. Na ɗauka mari zan sha, kuma na cancanta. Sai ya kama hannuna ya ce in hau gaban motarsa in zauna a kujerarsa. Na hau. Shi kuma ya koma ya tsaya a daidai inda na rataye, ya ɗaga murya da Hausarsa ta Barebari ya ce, “Afuno, duba madubi. Kana ganina?” Na duba. Buhuna na gani da tamfol da sararin sama. Ya matso gaba, ya sake tambaya. Ban gan shi ba. Sai da ya zo dab da ƙofa sannan na hango hularsa. Ya ce to haka nake a wurinsa kullum in na wuce, ba ya ganina, kukan injinsa kuma ba ya barin ya ji nawa. Ya ce shekararsa ashirin yana tuƙi bai taɓa taka ko akuya ba, kada in zo in ɓata masa tsufa.

Ka san abin da na ɗauka daga wannan? Na koma gida ina baƙin cikin rigata. Darasin da na koya shi ne in riƙa naɗe riga in ɗaure ta a ƙugu kafin in shiga tsakanin motoci. Ka ji wauta. Mutum ya nuna mini kabarina, ni kuwa na gyara ɗamara na koma.

Saboda haka ka naɗe rigarka, wannan gaskiya ne, kada ka hau babur da abin da ke lilo a jikinka, ko rawani ko igiyar jaka. Amma kada ka tsaya nan kamar ubanka. Ka sa a ranka direban babbar mota ba ya ganinka. Ba mugunta ba ce, katako da buhu ne a bayansa. Kuma motar da ta tsaya ba gini ba ce, cike take da mutane. Wani zai buɗe ƙofa ya zubar da yawun goro. Wani zai diro da buta zai kama ruwa. Mai talla za ta zagayo ta gaban hanci tana neman wanda ya kira ta. Duk waɗannan sun ga motoci a tsaye, hankalinsu a kwance yake, babu wanda ya sa ran wani abu zai fito da gudu ta inda babu hanya. Kuma suna da gaskiya.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewaye-kewaye. Na ajiye alƙalamin nan sau biyu na fita na sha iska.

Kana da shekara bakwai. Da hantsi ne, ranar Alhamis. Manaja ya miƙo mini ambulan ya ce in kai wa wani Bature a hayin kogi, maza-maza, yanzu-yanzu. Na sa a aljihu na taka babur. Tun daga nesa na hango layi ya fi na kullum tsawo, gefe biyu duk a tsaye. Raina ma daɗi ya ji, na ce yau za a ga aiki. Na naɗe riga, na shiga tsakiya, na buɗe wuta.

Abubuwa da yawa sun faɗa mini in tsaya, sai daga baya na tuna su ɗaya bayan ɗaya. Duk motocin an kashe injinsu. Babu wanda ya buga mini bodi, babu wanda ya kira Allura. Direbobi sun sauko suna tsaye a gefe. Masu talla sun sauke kayansu sun yi tsit. Na ga wani ya ɗaga mini hannu biyu, na ɗauka gaisuwa ce. Duk wanda aka haifa a ƙasar Musulmi ya san abin da ke sa hanya ta yi irin wannan shiru da rana. Ni ma na sani. Amma kukan babur ɗina ya cika mini kunne, idona kuma yana kan 'yar hanyar da ke gabana, ina auna ta da kafaɗa.

Gawa aka ɗauko za a tsallaka da ita zuwa maƙabarta. Motoci girmama ta suka yi.

Na fito daga tsakanin motoci biyu na ƙarshe sai ga mutane a gabana, ga makara a kan kafaɗu. Na taka birki, amma ina, ƙasar rairayi ce, taya ta ja. Na bugi mutumin da ke riƙe da gaban makarar ta hagu. Na ji ƙarar ƙashinsa, Abba, duk da kukan injin na ji ta, kamar an karya ɗanyen rake. Ya faɗi. Kusurwar makarar ta daki ƙasa. Tabarmar da aka rufa ta zame, ƙafafun gawar cikin likkafani suka fito fili, sai da mutum uku suka tare ta da hannu don kada ta gangaro kan hanya. Wata tsohuwa ce, daga baya na ji.

Ni na faɗi can gefe, ko ƙwarzane ban yi ba sai ɗan gwiwar hannu. Babur yana kwance yana ta kuka, tayar baya tana juyawa a iska. Mutum ya fi ɗari a wurin, kuma duk faɗin wurin babu abin da ke ƙara sai babur ɗina. Na kasa tashi in kashe shi. Sai wani direba ne ya tako ya kashe.

Ɗan mamaciyar ya yo kaina, dattawa suka riƙe shi. Na so su sake shi. Limamin da ke gaba ya ce a gyara ta a ɗauka, haƙƙinta ne a kai ta da wuri, maganar wannan ta biyo baya. Suka gyara tabarma, wani ya karɓi kusurwar da ta faɗi, suka wuce suna ambaton Allah. Kowa ya zo wucewa sai ya kalle ni. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya taɓa ni. Wani tsoho da sanda, shi ne na ƙarshe, ya tsaya a kaina ya nuna maƙabarta da haɓa ya ce, “Saurin me kake yi, ɗana? Ga inda za mu nan kusa.”

Wanda na buge sunansa Modu, ɗan garuwa ne a Gwange. Bai san mamaciyar ba, bai san danginta ba. Yana cikin tallan ruwansa ya ga an ɗauko gawa, ya ajiye garwa ya shiga ya karɓi kafaɗa don ya samu lada, yadda kowa yake yi, yadda ni ma nake yi. Ƙafarsa ta karye wuri biyu ƙasa da gwiwa, ƙashi ya huda fata. Danginsa suka kai shi wurin maɗori. Bayan kwanaki ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, aka ɗauke shi zuwa asibiti, a can aka yanke ta.

'Yan doka sun tafi da ni, an kai ni gaban alƙali, an yi hukuncin da aka yi, dattawan unguwa suka shiga tsakani. Wannan duk ba shi ne ya dame ni ba. Ambulan ɗin nan yana aljihuna har kwana biyu. Da na mayar da shi ofis akawu ya buɗe ya karanta, ya kalle ni ya kau da kai. Na matsa masa sai ya faɗa mini. Manaja ne yake gaya wa abokinsa cewa cin abincin da suka shirya ran Asabar an ɗaga shi zuwa Lahadi. Wannan ce takardar da na ɗauko a guje.

Na je asibiti na duba Modu. Na yi kwana huɗu ina zuwa ƙofa ina komawa kafin in iya shiga. Yana kwance, zanen da aka rufa masa ya lotsa a inda ƙafa ya kamata ta kasance. Na durƙusa a gefen gadonsa. Shi ya fara, Hausarsa ba ta da yawa. Ya ce, “Taku goma kawai na so in yi da ita, in koma wurin garwata.” Sannan ya ce ya yafe, abin da Allah ya rubuta ne. Matarsa Ya Kaltum tana zaune a ƙasa da 'ya'ya uku. Na gaishe ta ba ta amsa ba. Na yi shekara biyu ina kai musu abin da ya sawwaƙa, tana karɓa don yara, amma ko sau ɗaya ba ta amsa sallamata ba, kuma ban ga laifinta ba. Mutumin da abincinsa a ƙafarsa yake, na raba shi da ita. Ya gwada ɗinkin hula a ƙofar masallaci, idonsa bai kai ba. Daga baya suka tattara suka koma ƙauyensu wajen Konduga. Ba a daɗe ba na ji ya rasu.

Manaja bai kore ni ba, ka ji abin mamaki. Ya ce hatsari ne, a gyara fitila in ci gaba. Na hau sau ɗaya, na kai bakin layin motoci, na kasa ci gaba. Na sauka na tura shi da ƙafa har ofis na ajiye musu makulli. Tun ranar ban ƙara hawa ba. Shi ne ciwon bayan da aka faɗa maka.

Har yau in aka ɗauko gawa ta gaban rumfata nakan tashi in bi, amma ban taɓa iya karɓar kafaɗa ba. Mutane suna ɗauka ƙyuya ce. Kunya ce take hana ni.

Ga shawarar da na saya da ƙafar bawan Allah, ka riƙe ta da kyau don ba ta zo da sauƙi ba. In ka ga motoci sun tsaya, akwai abin da ya tsayar da su, kuma na gaba ya ga abin da kai ba ka gani ba. In ka ga direba ya bar fili a gabansa, ba kai ya bar wa ba, wani ne yake tsallakawa. In ka ji hanya ta yi shiru, ka kashe injinka ka saurara. Ka tsaya a bayan layi, ƙafa a ƙasa, rana ta dake ka kamar kowa. Za ka ga wasu masu babur suna wuce ka ta tsakiya suna yi maka dariya, za su ce ɗan Barno matsoraci ne, bai iya birni ba. Ka bar su su faɗa. In ma dole ta kama ka ka wuce motar da ta lalace a hanya, ka sauka ka tura, ko ka tafi da tafiyar da mai ƙafa zai iya jerawa da kai, ka tsaya a hancin kowace mota ka leƙa kafin ka fito.

Kuma duk mai gidan da ya ce maka maza-maza, ka ce to, ka tafi yadda ya kamata. Su bakinsu ya saba da faɗin haka, ko ruwan sha za su aike ka sai sun ce yanzu-yanzu. Ba ka san abin da ke cikin ambulan ba, shi kuma bai san abin da ke kan hanya ba. In abu ya faru ba shi zai durƙusa a gaban matar mutum ba.

Akwai kuskure na ƙarshe, kuma wannan kai na yi wa. Shiruna. Lokacin da ka fara zuwa wurin abokinka kana koyon babur, innarka ta same ni ta ce in faɗa maka labarin Modu tun da wuri. Na daka mata tsawa na ce ta bar tone-tone. Gaskiyar ita ce ina tsoron ka daina ganin girmana. Kana jin tsofaffin unguwa suna ba da labarin Allura, yadda yake ratsa motoci, su kuma don kara ba sa kai labarin ƙarshensa, ni ma ina zaune ina murmushi ban kai shi ba. Har wani daɗi nake ji a ɓoye in na ga idonka yana ƙyalli. Ka tashi kana son ka zama mutumin da ni kaina nake roƙon Allah ya yafe masa. Wannan laifina ne ba naka ba, kuma ina neman ka yafe mini. In girmana ya zube a idonka bayan ka karanta wannan, ya zube, na yarda.

Na yi tunanin in hana ka tafiyar. Ina da ikon haka, kuma na san ba za ka tsallake maganata ba. Amma aiki ne na halal, ka neme shi da guminka, ƙannenka kuma suna kallonka. Na yi tunanin in sa ka dafa Alƙur'ani. Shi ma na fasa, don na san zafin jini irin na shekarunka, kada wata rana ka karya rantsuwa in jawo maka wani nauyin. Albarka kuwa na sa maka ita ba da sharaɗi ba, ko ka ji maganata ko ba ka ji ba kai ɗana ne.

Abin da nake roƙo kawai shi ne wannan. In an ce ka cika latti, ka ba da haƙuri. In an rage maka matsayi, ka karɓa. In an kore ka saboda ka ƙi ratsa tsakanin motoci, ka hau jirgi ka dawo gida da rana tsaka kanka a sama, ni zan je tasha in ɗauko maka akwati. Akwai tuwo a gidan nan, akwai wuri a rumfa, babu wanda zai ce maka uffan.

Wanda ya mai da tsakanin motoci hanyarsa, ɗayan biyu ne yake dawo da shi gida. Ko a kawo shi kwance a bayan mota an rufa masa tabarma, ko ya dawo da ƙafafunsa biyu lafiya lau ya bar na wani a asibiti. Na farkon in ya same ka, ni da innarka ba za mu ƙara moruwa ba. Na biyun kuwa ni na dawo da shi, shekara goma sha biyu ke nan ina ɗauke da shi, kuma kada ka yi zaton shi ne mai sauƙin.

Jibi zan raka ka tasha. Zan yi maka addu'a, in ce ka riƙe salla, ka gaida kawunka na Fagge. Ba zan tayar da wannan maganar ba, kai ma ba sai ka tayar ba.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, da damanka da hagunka. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe, ya tsare bayinsa daga hannunka. Allah ya sanyaya maka zuciya a kan hanya, ya ba ka haƙurin jira. Allah ya jiƙan Modu ya sa ya huta, ya jiƙan baiwar Allah da na tayar wa hankali a hanyarta ta ƙarshe. Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya, ba ka cuci kowa ba, ba a cuce ka ba. Amin summa amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba mai gyaran keke.